Na Canza Lambar Sirrin Wayfai a Ɓoye, Ko Alhakin Maƙwabta Ne Ya Kama Ni?

Zuwa ga Malama Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Don Allah Malama ki taimake ni. Saura mako bakwai in zauna jarrabawar shiga jami'a, ga shi na aikata wani abu da ya hana ni sukuni, kuma na rasa wanda zan faɗa wa a gidanmu. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, ban saba irin wannan rubutun ba.

Ni 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi, shekarata goma sha tara. Babanmu malami ne, yana da Islamiyya a unguwarmu, yana kuma noman gyaɗa da dawa kamar kowa. Bara na zauna wannan jarrabawa na faɗi. Wallahi ba don ban yi karatu ba, sai don ranar ce na fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Na ɓata lokaci mai yawa ina farautar 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfutar, in na matsa nan ta gudu can. Ta kusa da ni har ta gama ta tashi, ni ban kai rabi ba. A bas na yi ta kuka har muka iso gida.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce in sake gwadawa sau ɗaya, in Allah ya yi to, in bai yi ba sai in zo in riƙe masa ajin 'yan mata a Islamiyya. Ba na raina wannan aikin, amma aikin jinya nake so tun ina ƙarama, kuma wannan ce damata ta ƙarshe.

Yayana Muhammad Auwal tela ne a Kano. Allah ya saka masa da alheri, shi ya haɗo mini tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da ƙaramin sola, da na'urar wayfai, ya kuma sa ni a wani aji da ake yi ta intanet kai tsaye, Litinin da Laraba da Asabar bayan la'asar. Shi yake sa wa na'urar data duk wata. Da ya kawo ta, da kansa ya buga ƙusa a tagar ɗakin Innarmu, wadda ke kallon wajen ƙarfen sabis na Ajingi, ya rataye ta a nan. Malama, mako uku na yi ina jin daɗin duniya. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu, ga malamin kimiyya ina ganinsa tar, in ɗaga hannu ya kira sunana in yi tambaya. Har Inna takan ajiye tankaɗe ta leƙo, ta ce ashe mutumin nan yana jin mu, to a gaishe shi.

Sai maganar Baba. A ƙofar gidanmu akwai wata randa a gindin darbejiya. Tun kafin a haife ni Baba yake cika ta da ruwa kowace safiya, ya ɗora moɗa a kai, don masu wucewa. 'Yan kasuwar Ajingi duk sun san ta. Ranar da Baba ya fahimci cewa abin nan na Yaya yana tsallake katanga ya kai waje, sai ya ce ashe shi ma kamar ruwa ne. Ya sa na karanta masa lambar sirrin, ya ɗauki gawayi ya rubuta ta ɓaro-ɓaro a bangon zaure, daidai saman randar. Ya ce wanda ya sha ruwa ya sha wannan ma.

Kafin kwana uku ƙofar gidanmu ta zama dandali, kuma kowa da ra'ayinsa. Wani dattijo ya ce abin yana sa ciwon kai, amma kullum yana nan da wayarsa. Wani ya ce tun da aka kawo shi zabinsa suka rage ƙwai. Matan unguwa suna aiko da wayoyinsu a tura musu saƙon murya ga 'ya'yansu da ke ci-rani. Akwai wani tsoho, Baba Kabo, wanda aka haifa masa jika a Fatakwal bai taɓa ganinsa ba. A gindin darbejiyar nan ya fara ganin fuskar yaron. Ya shigo zaure yana hawaye, ya riƙe hannun Baba ya yi ta sa masa albarka. Na ga hasken da ke fuskar Baba ranar, ba zan manta ba.

Sannan akwai Kamilu, maƙwabcinmu na bayan katanga. Yana da shago da talabijin da na'urar gem, samari suna zuwa buga wasan ƙwallo. Baba ba ya son gem ko kaɗan, yana kiransa ƙwallon malalata, wai wace irin ƙwallo ce mutum zai ci biyar bai yi gumi ba. Shi kuwa Kamilu cewa yake gem ne ya hana samarin unguwa zaman banza a bakin titi. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani shi ne, Kamilu ne ya daidaita mini kwamfutar, shi ya koya mini riƙe maus, abin da ake juya kibiyar nan da shi, a gidansa, matarsa Hindatu, wadda ƙawata ce, tana zaune tana yi mini dariya. Kuma da Baba ya kwanta rashin lafiya da kakar bara, Kamilu ne ya tattaro samarin nan nasa suka yi mana gayya, suka cire mana gyaɗa a wuni ɗaya, ko fura ba su yarda sun tsaya sha ba. Shi ma ya haɗa na'urarsa da wayfai ɗinmu. Hindatu ta ce mini yakan bar ta tun safe har yamma tana sauke sababbin wasanni.

Kin ga Malama, kowa alheri ya yi mini. Ita ma Inna tana iya bakin ƙoƙarinta. A makon nan da Baba ya yi rubutu a bango, wata kazarta ta tashi sama ta bangaje na'urar daga taga ta faɗo. Allah ya sa ba ta fashe ba. Hankalin Inna ya tashi, ta ce ba za a ce a ɗakinta kayan Auwalu ya lalace ba. Ta naɗe ta da sabon ɗankwali, ta sa ta a cikin babbar kwallarta ta aure da ke ƙasan kabet, inda take adana duk abin da take ji da shi, ta rufe da murfi, wayar caji kawai ta bari a waje. Kullum sai ta goge kwallar. Kin ji irin uwar da Allah ya ba ni.

To tun daga wannan makon karatuna ya lalace. Malami zai fara bayani sai fuskarsa ta daskare, baki a buɗe, murya ta riƙa yankewa, can a jefo ni waje. In koma, a sake jefo ni. Darasi biyar ke nan na rasa, kuma duk a kan lissafin kemistiri ne, inda na fi rauni. Na tabbata yawan jama'a ne, musamman na'urar Kamilu. Na gwada yi wa Baba magana a fakaice. Ya ce abin da aka ajiye don Allah ba a komawa a ɗauke, kuma me na sani, wataƙila addu'ar mutanen nan ce za ta ba ni nasara.

Ga laifin da na yi. Ranar da Baba ya tafi kasuwar Ajingi, na shiga ta wayata kamar yadda Yaya ya taɓa nuna mini, na canza lambar sirrin. Ni kaɗai na rage a kai. Na zauna darasi ina murna, amma Malama, abin bai gyaru ba. Ya ɗan yi dama-dama, sai ga malami ya sake daskarewa kamar kullum. A waje kuwa Baba Kabo yana tsaye a gaban bango, yana karanta gawayin yana sake dannawa, yana cewa idonsa ne ya fara mutuwa. Washegari Kamilu ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya tambayi Baba ko wani laifi ya yi aka cire shi, in ya yi a yafe masa. Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya ce wallahi babu wanda ya taɓa komai a gidan nan. Malama, mahaifina ya yi rantsuwa a kan abin da ni na san ba haka yake ba. Nan take na mayar da tsohuwar lambar, kowa ya ce ai sabis ne ya dawo.

Har yau babu wanda ya sani. Ni dai na fara tunanin alhakin mutanen nan ne ya kama ni, tunda na hana su kuma ban samu ba. In faɗa wa Baba? Son kai ne in nemi a bar mini abin ni kaɗai har in gama jarrabawa? Ko in ce Yaya ya zo ya ɗauke kayansa kowa ya huta? Ba na son in ɓata wa ko mutum ɗaya daga cikinsu, amma ina tsoron in sake dawowa a bas ina kuka.

Taki,
'Yar Malam, daga Gafasa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata.

Sau uku na karanta wasiƙarki. A na farko kin ba ni tausayi, a na biyu na ji ina ƙaunar duk mutanen gidanku da na unguwarku, a na uku kuwa sai da na yi dariya, domin amsar babbar tambayarki tana cikin wasiƙar, ke kika rubuta ta da hannunki kika wuce. Share hawayenki. Ba alhaki ba ne. Kwallar Inna ce.

Shekara goma sha huɗu na yi ina kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gaya, don haka bari in yi miki bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Na'urar nan aiki biyu take yi. Tana kamo sabis daga ƙarfen Ajingi, sannan ta rarraba shi ga wayoyin da ke kusa. Duka biyun ta iska suke tafiya, kamar rediyo, kuma babu abin da ke tare su kamar ƙarfe. Ki gwada sa rediyon Baba a cikin tukunya ki rufe, ki ji yadda tasha za ta shaƙe. Yayanki ya san abin da yake yi da ya rataye ta a taga. Yanzu tana ƙasan kabet, a naɗe, a cikin ƙarfe mai murfi, ɗan abin da take samu ta gefen wayar caji yake shiga. Abubuwa biyu ne suka faru a mako guda, rubutun Baba da tashin kaza. Ke kika ga na farko saboda yana da hayaniya.

Kuma kin riga kin tabbatar da wannan da kanki. Kin cire kowa, abin bai gyaru ba. Gwaji ne irin na ɗalibar kimiyya, sai dai kin karanta sakamakonsa da zuciyar mai laifi. Za ki ce to don me maƙwabta ba su koka ba? Saboda saƙon murya yana iya jira minti biyu kafin ya tafi, babu wanda zai lura. Wasan ƙwallon Kamilu a cikin na'urarsa yake, ba ya buƙatar sabis in ana bugawa. Darasi kai tsaye ne kaɗai ba ya jira. Ke ce kika fi kowa buƙatar sabis mai ƙarfi, shi ya sa ke kika fara ji a jikinki. Ga kuma zafi. Na'urar da ke aiki wuni guda a naɗe cikin ɗankwali da wannan bazarar, ba za ta daɗe ba.

Kada ki ce wa Inna ta yi kuskure, don ba ta yi ba, ta kare kayan ɗanta ne da abin da ta sani. Ki ce mata abin yana son shan iska, kuma yana son ya riƙa hango Ajingi. Sai ki roƙe ta ta rataya miki ragaya a saman tagar, irin wadda take rataye ƙwaryar nono don kada kyanwa ta kai. Abin da ya gagari kyanwa zai gagari kaza. A sa na'urar a ƙaramin kwandon kaba, ba murfi, a ɗora a kai. Na tabbata Inna za ta yi wannan fiye da ni da ke.

Amma ba zan ruɗe ki ba, yawan jama'a ma yana da nasa. Waya ashirin da na'urar da ke sauke manyan wasanni za su rage miki gudu ko da an fito da ita daga kwalla. Neman a rage miki cunkoso ba son kai ba ne. Ki duba, awa shida kacal kike buƙata a mako. Ki je wurin Hindatu, ku sami Kamilu tare, ki roƙe shi ya riƙa dakatar da sauke wasanni daga la'asar zuwa magariba a ranakun nan uku. Mutumin da ya cire muku gyaɗa bai sha fura ba, ba zai hana ki wannan ba. Ina ganin ma kunya zai ji cewa bai sani ba tun tuni. Sannan ki kira Yayanki ki gaya masa komai, domin shi yake ciyar da na'urar, ya kamata ya san yawan masu sha. Ki tambaye shi ko tana da layin baƙi. Da yawansu suna da shi: layi ɗaya na gida, ɗaya na jama'a, kowanne da lambarsa, wasu ma ana iya ƙayyade wa na jama'a gudu. Ya kuma tabbata lambar da ake shiga saitin na'urar da ita daban take da wadda ke bango.

Yanzu maganar Baba. Yana da gaskiya, kuma ina roƙon Allah ya yawaita irinsa. Hawayen Baba Kabo ba ƙaramin abu ba ne, kada ki nemi a goge gawayin nan, kada kuma ki ce Yaya ya ɗauke kayansa. Amma ki tuna masa cikin ladabi cewa randar ƙofar gida daban, randar Inna ta cikin gida daban, kuma a duk shekarun nan bai taɓa barin iyalinsa da ƙishi don ya cika ta waje ba. Abin da kike roƙo ke nan. In na'urar ba ta da layin baƙi, sai ki roƙe shi ya ƙara layi ɗaya da gawayinsa a ƙarƙashin lambar: a ɗaga wa ɗaliba ƙafa bayan la'asar, Litinin da Laraba da Asabar. Mutanen da suke sa masa albarka za su kiyaye.

Za ki faɗa masa abin da kika yi? E, ki faɗa, kuma kada ki kai mako. Shi ya yi rantsuwa a kan iyakar saninsa, kuma ya fi ni sanin hukuncin wannan. Nauyin a kanki yake, shi ne yake hana ki sukuni, kuma ba na son ki shiga ɗakin jarrabawa da shi. Ki same shi da hantsi bayan ya karya, Inna tana kusa. Ki fara da laifinki kafin ki kawo uzurinki. Zai ji ba daɗi. Amma uban da bai yi miki faɗa ba ranar da kika faɗi jarrabawa, ba zai juya miki baya don kin zo masa da gaskiya ba. Kamilu ma ki ba shi haƙuri, tunda ya durƙusa neman gafarar laifin da bai yi ba.

Game da gem, tunda kin ce ba ki san mai gaskiya ba, ga nawa ra'ayin. Na ga ɗaliban da gem ya cinye musu zango guda na karatu. Na kuma ga waɗanda suka shiga ɗakin kwamfuta ba tsoro ko kaɗan, saboda hannunsu da idonsu sun saba. Ni ba na tambayar ko yaro yana bugawa, ina tambaya ne ko yana iya ajiyewa in an kira salla ko in aiki ya taso. Samarin Kamilu sun ajiye sun tafi gona ranar da aka buƙace su. Wannan ya ishe ni shaida.

Ke kuma ga aikinki na mako bakwai. Kowace safiya ki ware rabin awa, ki buɗe tambayoyin shekarun baya a kwamfutar, ki sa agogo a gabanki, ki amsa da maus, ba da biro ba. Wannan ba ya buƙatar sabis. Ki rubuta wa malaminku ki gaya masa darussan da kika rasa, in yana naɗar darasinsa ya turo miki, ki sauke da sassafe kafin jama'a su hau. Darasi biyar ba su fi ƙarfinki ba. Bara kibiya ce ta kayar da ke, ba kemistiri ba, kuma bana kin riga kin kama ta.

'Yata, yarinyar da ta rubuta doguwar wasiƙa irin wannan ba ta zagi kowa ba, sai lissafa alherin mutane, irinta nake so in tarar a bakin gadon asibiti ranar da na kwanta. Allah ya ba ki nasara, ya saka wa Yayanki, ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar randar nan a cike. Ki gaishe mini da Inna da kyau. Yanzu ajiye jaridar nan, ki je ki ɗaga murfin kwalla.

Taki,
Malama Halima Sadiya